A Ina Za Ta Kwana?

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin abin da na zo da shi wannan fili ba mai daɗin ji ba ne, kuma mu 'yan boko zai fi taɓawa. Amma dai an ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kwanan baya na halarci wani taro da aka yi a kan ilmin 'ya'ya mata. Mutum huɗu suka yi jawabi, kowa da babbar riga da tarin takardu, kuma dukkansu bakinsu ya zo ɗaya. Wai abin da ya hana 'yan matan ƙauye karatu shi ne jahilcin iyayensu maza, maganin abin kuwa sai a fita a wayar musu da kai. Aka yi tafi, aka raba lemo, aka watse. Ni dai ban taɓa hannu ba, domin wannan jahilin da aka wuni ana yi wa wankin babban bargo ubana ne, kuma ina tsaye a wurin ranar da ya hana 'yarsa makaranta. Bari in ba ku labarin, ku yanke hukunci da kanku.

Ni mutumin ƙasar Zurgu ne, cikin ƙaramar hukumar Rano. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye ne da ba ya bakin kwalta. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, na ba ta shekara 3, kuma ba don tana ƙanwata ba, ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Tun tana firamare ita Baba ke kira in za a yi lissafin kuɗin taki ko na 'yan ƙodago. Da ta ci jarrabawa aka ba ta gurbi a wata makarantar kwana ta 'yan mata, Baba ya fi kowa murna. Bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani, ya kuma san darajar alƙalami. Ya sayar da awaki 2 ya sayo akwati da katifa da bokiti, ya ce shi da kansa zai kai ta, ni kuwa in riƙe kaya.

Da muka isa, kafin a rubuta sunanta, sai ya ce a bar shi ya zaga. Ga abin da muka gani. Katangar baya ta zube, dabbobi na shiga suna fita. Maigadi ɗaya ne, dattijo, makaminsa sanda da tocila. Ɗakin kwanan ƙofarsa ɗaya, tagogin duk an dasa musu ƙarafa, kwaɗon kuma ta waje ake sa shi. Famfo ya daɗe da lalacewa, saboda haka 'yan mata kan fita wajen makaranta ɗiban ruwa tun duku-duku. Baba ya dawo ya sami wani malami ya gaishe shi, ya ce, “Malam, ni ban san boko ba, amma ina da tambaya. In dare ya yi, wa ke tare da yaran nan?” Malamin ya yi murmushi ya ce, “Ai Allah ne ke tsarewa, Baba.” Baba ya ce, “Gaskiyarka, Malam. Amma ko akuyata, sai na ɗaure ta na ja ƙyaure sa'an nan nake bar wa Allah.” Ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya ɗora a ka. Ƙanwata ta kama hannuna tana kuka, tana cewa, “Yaya, ka ba shi haƙuri mana.” Na buɗe baki na rasa abin da zan ce, domin abin da ya gani ni ma na gani.

Kada ku zaci a nan ya tsaya. Ya gwada makarantar jeka-ka-dawo, sai ga tafiyar ƙafa ta fi ta sa'a guda ta cikin gonaki, kuɗin acaɓa kullum ya fi ƙarfinsa, in damina ta sauka kuwa rafi ya cika sai a kwana biyu ba a ƙetare ba. Ya kai ta riƙo gidan wasu dangi a cikin gari, kafin wata 6 ta zama mai wanke-wanke da rainon yara da tallar yamma. Ya je ya ɗauko ta. Shekara na zagayowa aka yi mata aure. Yau 'ya'yanta 2, kuma ita ke riƙe da littafin adashin matan unguwarsu. Ni da ban kai ta ƙoƙari ba, a zauren wani abokin Baba na kwana shekara 3 tare da samari 5, ba wanda ya taɓa tambayar inda nake kwana, ga ni yau a jami'a. Tsakanina da ita babu wani bambanci sai na makwanci.

To, jama'a, ina jahilcin yake a nan? Mutumin da ya sayar da dabbarsa, ya gwada hanya uku, kowacce ta toshe, shi za a tara a gaban motar lasifika a wayar wa kai? Ban ce babu iyayen da ba sa son boko ko da an gina musu makarantar zinariya ba. Akwai su. Akwai kuma talauci, akwai talla, akwai nauyin kayan ɗaki. Amma ba za mu taɓa sanin yawan masu ƙin gaske ba sai mun amsa tambayar masu so, tambayar kuwa ɗaya ce daga Rurum har Tarai: in na ba ku 'yata, a ina za ta kwana, kuma a hannun wa?

Abin da ɗan birni ya kasa ganewa shi ne, ga yarinyar ƙauye ɗakin kwana shi ne makarantar. Firamare tana iya samuwa kusa da gida. Amma daidai lokacin da yarinya ta fara zama budurwa, lokacin da idon iyaye ya fi kafuwa a kanta, a lokacin ne makaranta ke ƙara nisa. 'Yar Fagge ko 'yar Gwale ta fito ta tari mota, ko ta taka da ƙawayenta. 'Yar ƙauyen Kibiya kuwa ko dai ta sami amintaccen wurin kwana kusa da aji, ko kuwa karatu ya ƙare. Gwamnatin Tarayya ta kawo shirin ilmin firamare kyauta a 1976, aka yi dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, Jihar Kano ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole har sakandare a 2019. Duk abin yabo ne. Amma kyautar da aka rataye a inda hannunka ba ya kaiwa, sunanta kallo.

Tsoron iyayen nan kuma ba mafarki suka yi ba, rediyo suke saurare. Ran 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga ɗakunan kwanansu a Cibok. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka ɗebi 110 a Dapci. A Disamba 2020 aka kora samari fiye da 300 daji daga Ƙanƙara. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, a watan Yuni na shekarar aka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. A Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da 25. Mu da ke kudancin Kano, da dajin Falgore a bayanmu, ba sai an yi mana tafsirin wannan ba. Mu 'yan jami'a ma kada mu ɗauka mun tsira, domin a Satumba 2023 daga gidajen haya na wajen makaranta aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Ba kuma ɗan bindiga kaɗai ke kisa a ɗakin kwana ba. A Nuwamba 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana, nan kusa da Kano, 'yan mata 7 suka rasu. A Mayu 2023, a garin Mahdia na ƙasar Guyana, yara 20 suka mutu a gobarar ɗakin kwana, kusan dukkansu 'yan matan ƙauyuka ne da aka kawo karatu daga nesa, ƙofofi a kulle, tagogi da ƙarafa. Ku dubi wannan da kyau. Kwaɗon da aka sa da sunan tsaro shi ya hana su fita. Baba bai taɓa jin sunan Guyana ba, amma da ya ga ƙofa ɗaya da kwaɗo ta waje ya san abin da ya gani.

Yanzu sai mu duba amsar da hukumomi kan bayar. Da labarin Jangebe ya iso, Gwamnatin Kano ta lokacin ta ba da umarnin rufe makarantun kwana 10 na wajen birni. Daga cikinsu 6 na 'yan mata ne: Sumaila da Albasu da Kacako da Jogana da Gezawa da Kunci. Uku na farko duk a kudancin Kano suke. Ban ga laifin rufewa ta mako biyu ko wata guda ba, domin in wuta ta kama ɗaki fita ake yi tukuna. Laifin shi ne a fita a ƙi komawa gyara. Sai a 2024 gwamnatin da ta biyo baya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, ta kuma ba da sanarwar sake buɗe makarantun kwana da aka rufe. Ku yi lissafi da kanku. Yarinyar da aka ce ta tattara kayanta tana shekara 14 a 2021, a 2024 shekararta 17. A ƙauyenmu, 'yar shekara 17 da ta yi shekara 3 a gida ba akwatin makaranta ake saya mata ba. Rufe makaranta yana tsare mai mulki daga zargi, domin ba wanda zai ce an sace yara a zamaninsa. Amma 'yan matan da suka ɓace daga rajista shiru, ba kuka ba labari a rediyo, wa ya ƙidaya su?

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan kauce masa ba.

Wasu za su ce makarantar kwana tara wa ɓarayi ganima ce, gara a soke ta ɗungum. To, ai Islamiyyar Tegina da aka kwashe wa yara fiye da 100 a Mayu 2021 ba ta kwana ba ce, da rana tsaka aka shiga. Makarantar Kuriga ma, a Maris 2024, da safe aka afka mata yara sun taru za su shiga aji. Ashe soke kwana ba ya korar ɓarawo. Abin da ke kiransa shi ne wurin da ya san ba katanga, ba mai kai rahoto, ba mai kawo ɗauki sai gari ya waye. Gaskiyar da ke cikin wannan magana ita ce, tsohon tsarin nan na gina makaranta can bayan gari, a tsakiyar fili, a tara ɗaruruwan yara, an yi shi ne a zamanin da ake kwana ƙofa a buɗe. Wannan zamani ya wuce. Sai a sake tsari.

Wasu za su ce a gina sakandare a kowane ƙauye, ko a ba da motoci. Ƙaramar sakandare kam lalle a kusanto da ita, ina goyon baya. Amma babbar sakandare tana bukatar ɗakin gwaje-gwaje da malamin kimiyya da malamin lissafi, waɗanda ko a birni nemansu ake yi. Wa zai ba kowane ƙauye nasa? Mota kuwa sai inda hanya take. Motar da ke ɗaukar 'yan mata a titunan birni ba za ta ƙetare rafinmu a watan Agusta ba.

Wasu kuma, kuma su na fi girmamawa, za su ce tarbiyyar 'ya mace sai gaban uwarta. Ban musa ba. Amma ina tuna musu da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye, ba ta tsaya zagin mazajensu ba. Sai ta kafa 'yan taru. Ta zaɓi dattijai mata masu mutunci a garuruwansu, ta naɗa su jaji, ta ba kowacce malfa da jan rawani, alamar an amince da ita. Jaji ita ke tattaro 'yan mata da tsofaffi, ta jagorance su a hanya har wurin Nana, su ɗauki karatu, ta mai da su gida. Watau kafin ta koyar da harafi ɗaya sai da ta warware maganar hanya da masauki da hannun da za a danƙa wa amana. Abin da ta gane tun kusan shekara 200 da suka wuce, mu da digiri mun kasa ganewa.

Sai masu cewa babu kuɗi. Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi. A Mayu 2014, wata guda bayan Cibok, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, Gwamnatin Tarayya ta ce ta ƙara 10. A 2015 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta duniya da aka ƙulla a Oslo, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE na ilmin 'yan mata a jihohi 7, Kano na ciki. A Disamba 2022 aka fito da tsarin kashe naira biliyan 144.8 a kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Duk da haka, a 2024 UNICEF ta ba da rahoton cewa a jihohi 10 da ta bincika, kashi 37 cikin 100 na makarantu ne kawai ke da hanyar samun gargaɗi kafin hari. Ni ba akanta ba ne, amma na san kuɗin buhun siminti, na san kuɗin ƙyaure. Ina tambaya, tsakanin waɗannan biliyoyi da katangar da ta zube, ina kuɗin ke maƙalewa? Nawa ke tafiya a tarurrukan otal da alawus da rigunan da aka buga wa taken ilmin 'ya mace?

Maƙwabtanmu ma sun gane inda gizo ke saƙa. A Jamhuriyar Nijar, inda ƙididdigar UNICEF ta nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, Shugaba Bazoum Mohamed da ya hau mulki a 2021 ya ɗauki gina gidajen kwana na 'yan matan karkara a matsayin babban aikinsa, ya yi alkawarin guda 100, aka fara da irin na garin Kelle a jihar Damagaram. Hujjarsa ita ce dai ta Baba: yarinya ta ci jarrabawar shiga kwaleji, kwalejin tana wani gari, iyaye ba su da amintaccen mai riƙo, sai aure. An kifar da gwamnatinsa a Yuli 2023, amma hujjar tana nan daram. Ƙasar Indiya ma tun 2004 ta buɗe makarantun kwana na Kasturba Gandhi musamman domin 'yan matan yankunan da aka bari a baya. Mu nan Kano ba baƙin abin ba ne. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, da ta 'yan mata da aka buɗe daga baya a Taura, duk na kwana ne, kuma ta nan ne 'ya'yan talakawa da yawa suka zama likitoci da injiniyoyi. Mun san hanyar. Sakaci ne ya sa ciyawa ta rufe ta.

Kada kuma wani ya zaci wannan asarar 'yan mata ce su kaɗai. Duk wanda ya taɓa kai matarsa ko ƙanwarsa haihuwa asibitin ƙauye ya san abin da ake fara tambaya: akwai ma'aikaciya mace? Kowa na son ungozoma mace, da nas mace, da malama mace. To daga ina za su fito? 'Yar birni in an turo ta ƙauye, galibi kafin shekara ta nemi canji, kuma ban ga laifinta ba, can danginta suke. Wadda za ta zauna ita ce 'yar garin, wadda uwarta da mijinta ke nan. Kowace yarinya da ta koma gida da akwati a kan ubanta, wata ungozoma ce ƙauye ya rasa, kuma wata mai naƙuda ce za ta biya bashin a bayan babur cikin dare.

Saboda kada a ce na iya suka ban iya gyara ba, ga abin da nake nufi da amintaccen wurin kwana. Ba wani abin al'ajabi ba ne.

Na farko, a kawo shi cikin gari. Ƙaramin gida na 'yan mata 50 ko 100 a cikin Rano ko cikin Kibiya, kusa da makarantar jeka-ka-dawo da take akwai, tsakiyar jama'a, inda in an yi ihu maƙwabta za su ji, ya fi katafaren gini a bakin daji. Ba sai an gina sabuwar makaranta ba, makwanci kawai ake nema.

Na biyu, ya zama kusa da gida, yadda yarinya za ta zo ran Lahadi da yamma ta koma ran Juma'a, uwarta ta ga idonta kowane mako, ubanta kuma in ya shigo kasuwa ya leƙa ba sai ya nemi izni a rubuce ba.

Na uku, a sami jajin zamani. Matiron kada ta zama wadda aka turo don an rasa inda za a kai ta. Iyaye mata na ƙauyukan su sa baki wajen zaɓenta, ta zama dattijuwar da aka san asalinta, ta kwana tare da yaran, a kuma biya ta albashi a kan kari. Namiji kuwa, malami ne ko maigadi ko ɗan kwangilar abinci, iyakarsa bakin ƙofa. A kuma ba yarinya hanyar kai ƙara wadda ba ta bi ta hannun wanda take ƙara ba, domin wani ɓarawon a cikin gida yake.

Na huɗu, ruwa da makewayi da fitila su kasance cikin katanga. Duk yarinyar da ta fita neman ruwa da asuba, ko ta zaga bayan gini cikin duhu, katangar ba ta amfane ta da komai ba. Rijiyar burtsatse ɗaya da fitilun sola sun wadatar.

Na biyar, kowane ɗaki ƙofa biyu, masu buɗewa waje, sakata ta ciki, da taga aƙalla ɗaya da za a iya fita ta cikinta, da bokitan yashi. A kuma gwada wa yara yadda za su fita, sau ɗaya kowane zango.

Na shida, a san wanda za a kira. Lambar dagaci da ta hakimi da ta 'yan sanda da ta 'yan sintiri su kasance a hannun matiron, da wayar da ke da caji, a kuma san minti nawa ɗauki zai yi kafin ya iso. In manomi ko makiyayi ya ga baƙin fuska a daji, ya san wa zai gaya wa, kuma in ya faɗa a ɗauka da gaske.

Na bakwai, abinci. Yarinyar da yunwa ta kora bakin katanga neman mai saya mata biredi, an riga an buɗe wa ɓarna ƙofa. A liƙa lissafin kuɗin abinci a allo, kwamitin iyaye ya riƙa dubawa.

Ku duba cikin bakwai ɗin nan, wanne ne ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma? Wanne ne sai an ɗauko masani daga Ingila?

Daga ƙarshe na dawo kanmu, mu 'yan wannan ƙungiya. Mun iya tsara waƙa a kan ilmin mata, mun iya wasan kwaikwayo inda ake fito da baƙauye da rawani a karkace yana cewa boko ta hana aure, 'yan kallo su yi ta dariya. Da yawanmu kuwa 'ya'yan wannan baƙauyen ne, da kuɗin gyaɗarsa muka yi rajista. Ina roƙon mu sauke shi daga dandali haka nan, mu ɗauki tambayarsa mu kai inda ya dace. Hutu na zuwa. Kowannenmu, musamman 'yan'uwa mata da za a bari su shiga ciki, ya ziyarci makarantar 'yan mata mafi kusa da garinsu da littafi da alƙalami, cikin ladabi da iznin shugabanninta. A ƙidaya ƙofofi, a duba katanga, a murɗa famfo a ga ko ruwa zai zo, a tambayi wa ke kwana da yara. Inda aka ga abin yabo a yaba, domin akwai malamai da matiron da ke riƙe da amanar nan da aljihunsu. A rubuto da Hausa, mu buga a wannan mujalla, mu kai kwafi ga hakimi da kansila da ɗan majalisa. Malamanmu kuma ina roƙon su karɓi irin wannan a matsayin aikin bincike, domin in Hausar da muke karanta ba ta iya ɗaukar kukan Bahaushe ta kai shi gaban hukuma, ban san amfanin digirinmu ba.

Babbar 'yar ƙanwata shekararta 4 yanzu, kuma masu gani sun ce kan uwarta ta ɗauko. Nan da shekara 8 ubanta zai zo wurina, tun da ni ne ɗan bokon gidan, ya yi mini tambayar da Baba ya yi wa malamin nan. Ba na so in sake yin shiru kamar yadda na yi ranar da aka ɗauki akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a gida da makaranta, ya maido da waɗanda har yau ke hannun azzalumai, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya ba mu ikon tuna musu. Wassalam.